Igiyoyin da Na Yanke wa Lawban

Keken ɗinkina na sayar, yayata Talatu ta cika min da kuɗin awarwaronta, na hau jirgin sama sai birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Kai Sani, ajiye wayar nan, da ku nake.

Na je neman ɗinki a kasuwar Gwanyuwan, aka ce babu gurbi. Wani mutumin Maradi ya kai ni bakin kogi wajen Hwanfu, gun wani tsoho mai gyaran ƙyallen jirgin ruwa. Lawban ake ce masa, wai maigida ke nan a bakinsu. Ya ba ni aiki da makwanci a bayan shago. In ya kore ni, ba ni da inda zan sa haƙarƙarina.

Yana da ɗan jirginsa mai sanduna biyu, doguwa a gaba, gajeriya a baya, kowacce da ƙyallenta. Babu inji, iska ke tura shi. Ya ce in yi wa babban ƙyallen faci. Na gama tsaf, sai na ga wasu 'yan igiyoyi a jere suna reto a jikinsa. Haba! Telan Kano ya miƙa kaya zare na lilo? Na sa almakashi na share su tas.

Washegari ya ɗauke ni gwaji. Yara, ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba. Ƙyallen ya sha iska ya yi ciki, ruwa na shafar katako a hankali, manyan jiragen kwantena na wucewa can nesa kamar unguwanni sun tashi tafiya. Na lumshe ido, na ji kamar a haka za mu zarce har gida.

Sai iska ta ƙaru, jirgi ya karkata, ruwa ya fara shigowa. Ashe da igiyoyin nan ake naɗe gindin ƙyallen a rage shi. Lawban ya laluba bai ji komai ba, ya nuna min gurbinsu da yatsa.

Na ce, "Meyo." Wato babu.

Ya zazzaga min masifa da yarensu, ya sauke babban ƙyallen gaba ɗaya, muka lallaɓa da ƙaramin na baya. Ina tsugune ina salati, tsoro ya cika ni, ina tunanin inda zan kwana in mun fita.

A gaɓa bai kore ni ba. Ya miƙo min allura da igiya, ya ƙwace almakashin ya jefa a aljihu.

Shekara huɗu na yi masa ɗinki kafin na dawo na buɗe shagon nan. Amma wallahi duk tsawonsu, ko zare zan yanke sai na je gabansa aron almakashi na ce, "Lawban, don Allah." Ni, telan da ya yaye mutum goma a Kano.