Direban Ranar da Gada Ta Karye

Assalamu alaikum. Malam liman, mai unguwa, shugaban direbobi, Hajiya maiɗakin marigayi da 'ya'yansa, sannunmu da haƙuri. Da hannuna na rubuta wannan, idan na yi tuntuɓe ku yafe mini.

Duk shekara rediyo kan tuna mana ranar da ambaliya ta karya babbar gada. Sukan ce an rufe kasuwa, an tashi makarantu, an haifi jarirai goma sha ɗaya a garin nan. Ba su taɓa faɗar yadda uku daga cikinsu suka isa asibiti ba. Mu mun sani.

Marigayi ya kasance direban bas ɗin layinmu, wanda muke wa laƙabi da Bi-a-Hankali. Ya kasance mai tsayawa har tsohuwa ta gyara zama. Ya kasance mai shan tsiyar fasinja yana murmushi.

Da hantsin ranar naƙuda ta kama ni, ga asibiti a tsallaken ruwa. Cikina biyu sun riga sun zube, na tabbata wannan ma tafiya zai yi. Mu uku ne masu naƙuda a bakin titi, kowace ta riƙe ƙugu. Ya tsaya, ya ce kowa ya sauka.

Wani ya ce, "Haba direba, ɗaurin aure za ni!"

Ya ce, "Sauka, Alhaji, amarya za ta jira. Waɗannan ba sa jira."

Ya bi da mu ta tsohuwar hanyar bayan gari, ramuka duk sun ɓuya cikin ruwa. Ina kwance a kujerar baya ina ihu, "Baba, don Allah ka taka!"

Ko waiwaye bai yi ba. "'Yata, in na taka, a rami za ki haihu. Kama ƙarfen nan, ki yi ta zagina, na yafe."

Na kuwa zage shi. Awa biyu cur yana lallaɓa motar, bai faɗa rami ko ɗaya ba. Ana shigar da ni ɗaki, jaririyata ta faɗo da kukanta.

Hajiya, jiya kin ce mini bai bar komai ba sai tsohuwar mota. Ɗago kanki. Ku ukun nan da muka haifa ranar, ku miƙe. Ga tela, ga malamin makaranta, ga tawa mai goyon nan. Naku ne, ku aike su duk inda kuke so.

Mun gode da kuka ba mu aronsa shekara talatin. Allah Ya jiƙansa, Ya sauƙaƙa masa hanya yadda ya sauƙaƙa mana. Amin.