Wa Ya Kai Ƙarar Merv Thibodeau?

Shugabar wannan taro, Madam Odile Marchand. Mai girma Magajin Garin Brennock, Mista Desmond Fairlie. Kansilolinmu da ke zaune dama da hagunsa. Rabaran, wanda ya ba mu aron kujerun coci. Ma'aikatan kamfanin katako da suka taho kai tsaye daga aiki, garin katako bai ma bar kafaɗunsu ba. Dattawa, iyaye mata, matasan da ke tsaye can baya. Jama'ar Brennock baki ɗaya, barkanmu da war haka.

Ina godiya ga shugabar taro da ta ba ni dama. Ina godiya gare ku da kuka keto wannan sanyi, musamman mutanen layin bayan coci, waɗanda sai da suka haƙa hanya da shebur kafin su fito. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Lorna Wasylenko, likitar haƙori. Kusan duk wanda ke ɗakin nan na taɓa leƙa cikin bakinsa. Ni ce kuma nake rubuta wasan zolayar da muke yi a Bikin Ƙanƙara tun ina da baƙin gashi. Yau ban zo ba ku dariya ba. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili.

Magana ta farko, a kan wasan da aka soke.

Kun san Kawu Hank, Ba'amurken da Merv Thibodeau yake kwaikwayo duk shekara. Kawu Hank ne yake tsallako gada zuwa nan Kanada a tsakiyar lokacin zafi, sanye da rigar gashin dabba, yana tambayar inda muka ɓoye ƙanƙarar. Shi ne yake yi mana Turanci da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma, wai don mu gane. Shi ne yake duban tafkinmu ya ce, "Kai, ƙasar nan taku ta yi kyau! A wace jiharmu take?" Iyayenmu sun yi dariyar wannan, mu ma mun yi, kuma mutanen Halvers na tsallaken kogi, su Amurkawan kansu, suna cika layi biyu na gaba duk shekara, dariyarsu ta fi ta kowa ƙara.

Me ya sa muke zolayarsu? Domin muna zaune a ƙaramin ɗaki jikin babban gida. Kiɗansu muke ji ta bango, rigimarsu muke ji, finafinansu muke kallo, mun san sunan kowane birninsu. Su kuwa da yawansu ba su san akwai mutum a bayan bangon ba. Ba mu iya ɗaga murya kamarsu. Abin da muka iya shi ne mu ɗaure fuska, mu faɗi magana a hankali, mu kuma rufe da "a yi haƙuri". Da wannan muke tuna wa kanmu cewa mu ma mutane ne masu gida.

Bana, da kamfanin Amurka ya sayi masana'antar katako, ya turo Mista Curtis Vandermolen ya zama manaja, sai majalisa ta ce a jingine Kawu Hank. Na yi musu, aka fi ni ƙuri'a, na haɗiye.

Magana ta biyu, a kan abin da aka yi wa Merv.

Ranar biki wata ƙatuwar mota mai lambar Amurka ta tare hanyar shiga fili. Aka miƙa wa Merv lasifika ya yi sanarwa, domin shi ne direban motar share ƙanƙara, hanya aikinsa ce. Kuna wurin, kun ji abin da ya ce: "Mai farar motar nan, don Allah a yi mana afuwa, garin namu ne ya yi mata kaɗan. Mun aika a faɗaɗa shi. Kafin a gama, ko za a ɗan matsar da ita?"

Iyakar laifinsa ke nan. Motar ta Mista Vandermolen ce. Da aka koma aiki, sai aka kira Merv ofis aka karɓe makullin motar da yake tuƙawa tun kafin a haifi wasu daga cikin kansilolin nan. Mai girma Magajin Gari ya tsaya a wannan ɗaki, a kan wannan dandamali, ya ce kamfani ya kai ƙara, ya ce an wulaƙanta manajansu, ya ce in ba a ɗauki mataki ba ayyukan mutane na cikin haɗari. Muka yarda. Ɗana ma a masana'antar yake aiki, na san abin da ake ji in an ambaci rufe ta.

Merv ya ajiye makulli, ya ce, "Ku gaya wa wanda zai karɓa ya fara da layin bayan coci, tsofaffi ne a can." Ba a gaya masa ba. Ku tambayi mutanen layin yadda suka yi.

To, makon jiya Mista Vandermolen ya shigo asibitina da kumburarren kunci. Ya ba ni izinin faɗin abin da zan faɗa, ga shi can zaune kusa da ƙofa shi da matarsa, in na yi ƙarya ya tashi ya ƙaryata ni. Na duba haƙorin na ce, "Mista Vandermolen, wannan ai ya daɗe da ruɓewa. Me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Likita, gaskiya tsoro na ji. Mutumin da gari duka ke fushi da shi, ya zo ya buɗe baki a gaban mace mai riƙe da ƙarfe?"

Na ce, "Tunda ka buɗe, sai ka amsa mini. Me Merv ya yi maka da ka kai ƙararsa?"

Ya ture hannuna, ya tashi zaune, auduga a baki. Ya ce, "Ƙara? Wace ƙara? Ni fa ranar nan da na matsar da mota, zuwa na yi na gode masa. Na ce ban taɓa ganin mutane masu ladabi irinku ba. Har na tambaye shi yaushe za a fara faɗaɗa hanyar, don motocin katakonmu za su ji daɗi. Ya dube ni ya ce sai ƙanƙara ta narke."

Na ce, "Ba ka gane zolayarka ake yi ba?"

Ya ce, "Sai bayan kwana biyu, ina aski a gaban madubi, maganar ta faɗo mini. Na yi dariya har na yanke kaina. Likita, ku mutanen nan kuna da ban tsoro. Mu a gida in za mu tsokani mutum, da ƙarfi muke yi, mu buga masa kafaɗa, mu fara yin dariyar da kanmu don ya san wasa ne. Ku kuwa sai ku yanka mutum da murmushi, ku ba shi haƙuri, ya tafi gida yana sa muku albarka."

A gabana ya kira hedkwatarsu. Babu wanda ya san da wani Merv a can. Babu wanda ya san muna biki. Matar da ta ɗauki wayar ma sai da ta tambaya ko Brennock ɗin a wace jiha take.

Washegari na tare Magajin Gari a bakin gidan waya. Na ce, "Des, wa ya kai ƙara?" Ya dubi takalmansa. Ya ce, "Lorna, ai da ma za su iya kaiwa. Gara mu riga su."

Jama'a, kun ji. Za su iya kaiwa! An raba mutum da aikinsa saboda ƙarar da ba a kai ba. An bar tsofaffi cikin ƙanƙara saboda fushin da ba a yi ba. An durƙusa ana roƙon gafara a gaban mutumin da yake can gida yana dariya a gaban madubi. Desmond, na san tsoro ne ya sa ka, kuma na san ba don aljihunka ka yi ba. Amma da ka zo ka ce mana, "Ina tsoro," da mun tattauna kamar manya. Sai ka ɗauki tsoronka ka rataya a wuyan baƙo, ka koma gefe kana kallo.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai, domin ba ta majalisa ba ce. Tamu ce.

Me muka yi da muka ji wai Ba'amurke ya kai ƙarar Merv? Akwai wanda ya je ya buga masa ƙofa ya tambaye shi? Babu. Ba halinmu ba ne, ai rashin ladabi ne. Sai muka juya kan matarsa. Darlene Vandermolen ta kawo kek ɗin tuffa liyafar coci, ta yanka da hannunta, ta tsaya kusa da shi. Kowa ya zo ya ce, "Kai, ya yi kyau ƙwarai, Darlene, sai dai na ƙoshi," ya matsa tebur na gaba ya cika faranti. Ta naɗe abinta ta mayar gida ko yanki ɗaya bai ragu ba. A kanti, tana kan layi, wani ya ce wa mai awo, "A yi mata lissafin a hankali, daga can take." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani kuma, wanda ba zan ambaci sunansa ba duk da na san haƙoransa, ya kafa allo a ƙofar gidansu da kibiya mai nuna kudu, ya rubuta, "Hanyar gida."

Kar wanda ya ce mini wasa ne. Ni na san wasa, sana'ata ce ta biyu. Wasa a gaban mutum ake yi, kana kallon idonsa, kana ba shi fili ya rama, sannan ku zauna tebur ɗaya ku sha gahawa. Abin da aka yi wa matar nan kora ce aka lulluɓe da murmushi. Muna taƙama mun fi maƙwabtanmu ladabi, mun fi su sanyin hali, mun fi su iya magana. To, ga abin da muka yi da iya maganar: mun sa mace tana tsallaka gada zuwa wata ƙasa don ta sayi madara ba tare da an yi mata dariya ba.

Kafin ya bar asibitina, Mista Vandermolen ya ce shi ma ya haɗa nasa wasan zolayar, in za a bari ya faɗa. Na ce bismilla. Ya ce wai gidan wani ɗan Kanada ne ya kama da wuta, ya kira 'yan kwana-kwana ya ce, "Ku gafarce ni da damunku. In dai da ma kuna da hanya ta unguwarmu, ko za ku ɗan leƙo? In kuwa kuna da aiki, ba komai, mu ma ba mu cika amfani da saman benen ba."

Na ga wasu suna dariya. Ku yi, ya cancanta. Amma mu yake nufi, kuma ya faɗi gaskiya. An zalunci ɗayanmu muna gani, muka kasa ɗaga murya a gaban wanda ya yi zaluncin, muka je muka huce a kan wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba zan sauka daga nan ina ba kowa haƙuri ba. A mayar wa Merv Thibodeau makullinsa yau, kafin a kashe fitilun ɗakin nan, domin an ce ƙanƙara na tafe. A mayar da wasanmu, a kuma ba Mista Vandermolen nasa lokacin a kan dandamali ya rama yadda ya ga dama. Wanda ya kafa allon nan ya je ya cire da hannunsa, da rana, ya buga ƙofa ya faɗi sunansa. Kai kuma Desmond, lasifika ga ta nan. Abin da ka faɗa mini a bakin gidan waya, ka taso ka faɗa wa mutanen nan da bakinka. Merv yana jira, Darlene ma tana jira.

Allah ya ba mu zuciyar da za mu faɗi gaskiya a gaban mai ita. Allah ya tsare masu aiki a daji da masu aiki a bakin zarto, ya raya masana'antarmu, ya bar zumunci tsakaninmu da na tsallaken kogi. Allah ya kai kowa gida lafiya a kan wannan santsi.

Na gode.