Motar Asibitin da Ta Tafi Kamfen

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Sunana Talatu, a Zumuntar Mata nake, duk kun san ni. Wannan da ke tsaye kusa da ni 'yata ce, Rifkatu. Ku kalle ta da kyau, da tuni mun binne ta. Haleluya!

Amma gaskiya da fushi na zo, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kun tuna bara, da Honarabul ɗin yankinmu ya kawo motar ɗaukar marasa lafiya asibitin sha-ka-tafi, da hotonsa a jiki ya fi ƙofar motar girma. Har nan majami'a ya zo, aka ba shi kujerar gaba, aka yi masa addu'a. Ni na fi kowa guɗa, har muryata ta dushe. A lokacin na ɗauka wanda ya ba da mota shi ke riƙe da rai.

Ran nan da hantsi muna cirar gyaɗa, Rifkatu ta kai hannu gindin kunya, igiyar ƙasa ta sare ta. Kububuwa ce, na gan ta da idona. Kafin mu kai ta sha-ka-tafi a amalanke, jini ya fara fita ta dasashinta. Ma'aikaciyar ta sa mata ƙarin ruwa, ta ce, "Mama, ba mu da allurar sarar maciji, sai babban asibiti. Kuma a kwance za ta tafi, ba za ta iya zama a babur ba."

Na ce, "To ina motar?"

Ta sunkuyar da kai. "An tafi da ita taron kamfen. Ita ke ɗauke da lasifika."

Lasifika, jama'a! Ga sauran motocin haya duk an kwashe su jigilar 'yan taro. Wayyo Allahna!

Na hau acaɓa na bi su filin kasuwa. Na tarar da motar tana tafiya a hankali gaban ayari, an ɗaure mata lasifika a ka, ana ta waƙar yabon mutum. Inda ake kwantar da marar lafiya an cika shi da katan-katan na taliya. Na sha gabanta ina kururuwa. Wani na hannun daman Honarabul ya sauko yana murmushi, ya miƙo mini taliya da sabulu. Ya ce, "Haba Mama, yi haƙuri a tashi taro. Karɓi wannan."

'Yata na zubar da jini, ni za a ba taliya! Na watsa masa ita a ƙirji.

Nan na zube a gwiwa a gaban tayar mota. Addu'ata ba ta da ladabi ranar. Na ce, "Ya Yesu, na yi wa ɗan adam guɗa, ga inda ya kai ni. In kana gani, yau ka nuna mini!"

Sai na ji waƙa ta mutu. Direban ne ya kashe ta, Malam Sabi'u, Musulmi, ban taɓa ko gaisawa da shi ba. Ya fito ya kwance igiyar lasifika, ya shiga fitar da katan-katan yana direwa a ƙasa. Mutanen Honarabul suka yi masa ca, suna cewa a bakin aikinsa. Ya ce, "Wallahi gobe kiyama ba taliya za a tambaye ni ba. Mama, shigo mu tafi."

Muka ɗauko Rifkatu, muka kai babban asibiti ko motsi ba ta yi. Aka yi mata allura, aka ƙara mata jini. Da ta buɗe ido ta ce tana son kunu, na fashe da kuka. Ubangiji ya yi! Na kira shi a fusace, bai yi fushi da ni ba, ya amsa ta hannun wanda ban zata ba.

Malam Sabi'u kuwa an kore shi, a wannan tsadar, da 'ya'ya a gabansa. Yanzu facin taya yake yi a bakin hanyar Makoda.

Yanzu kuma na ji wai ranar Lahadi Honarabul zai zo a yi godiya tare, don motarsa ta ceci 'yar ikkilisiya. Dattawa, da girmanku, ku gafarce ni. Na san shi ya ba mu kwanon rufi, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma ba da 'yata za a yi askin nan ba. In ya zo neman tuba, ga benci, ya zauna cikinmu.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya dawo mini da Rifkatu. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ba ga hoton da ke jikin mota ba. Gobe ni da ita za mu kai wa Malam Sabi'u buhun gyaɗar gonar nan. Wanda duk ya yi guɗa tare da ni bara, ya zo ya kama mana. Amin.