Keken da Ba a Hau Ba

A zauren rabon tallafi ga waɗanda harbin kasuwa ya shafa, wata tsohuwa ta turo keken guragu ba kowa a kai, ta tsaya kusa da wata mai goyo.

"'Yata, wane layi zan bi?"

"Dama na waɗanda suka yi rashi ne, Iya, hagu na masu rauni."

"To ni fa? Ina hagu suka ba ɗana keken nan. Shekaranjiya ya cika."

"Innalillahi! Allah Ya jiƙansa. Ai kin koma dama."

"Na je dama, suka ce keke na hagu ne. Hagu suka ce su bayarwa suke, ba karɓa ba. Ni kuwa ba na kwana da kayan amana."

"Ikon Allah! Ni keke na zo nema wa maigidana, suka ce ya ƙare, suka ba ni bargo. Kullum cicciɓarsa muke zuwa banɗaki."

"To riƙe."

"Iya, ba za a ce mun sata ba?"

"Miƙo bargon, ya zama musaya."

Tsohuwa ta goge mazaunin da bakin mayafinta.

"Sabo ne fil. Ko sau ɗaya bai hau ba."