Sakarin Ba Zai Shiga Kununa Ba

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, barka da aiki. Ni ce Talatu mai kunun zaƙi daga Beli, ƙasar Rogo.

Da sukari ya yi tsada, masu kunu suka koma wa sakarin, farin garin nan da ake ɗiba da tsinken ashana. Ranar sunan jikata, yayata ta zaci kamar sukari ake auna shi, ta zuba ludayi guda a randa. Zaƙi a baki, ɗaci a maƙogwaro! Kafin la'asar ciki ya murɗa wa 'yan suna, maijego kuwa ta wuni tana amai.

Tun ranar na koma dankali da mazarƙwaila, yadda Inna ta koya mini. Mata a kasuwa suna yi mini dariya, wai kununa lami ne. Su yi ta yi! Abin da ko kiyashi ba ya bi, ba zan ɗura wa ɗan mutum ba.

Malam, a tambayo mana likita me garin nan yake yi a ciki. Ina gaida masu kunun Ƙaraye. Duk mai zuba shi, in ta isa, ta shanye kwano biyu a gabana.