Jitar da Ba Ta Kaɗuwa da Hannu

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. A shagon faifan waƙa a birnin Leeds na ji wannan, a 1967.

Wata dattijuwa ta ce, "Faifan nan a lalace yake, jitar kamar tana haɗiye kukanta."

Saurayin bayanta ya ce, "Lafiyarsa lau, Mama, ni na kaɗa. Tef ɗin da aka ɗauki kiɗan aka juya baya. Kwaikwayon Amurka ya gundure mu, kiɗan Indiya muke saurare."

"To kaɗa mini, ɗan gayu."

"Ba ta kaɗuwa da hannu. Ga shi ranar Asabar mutum dubu za su nemi in kaɗa musu."

"Ashe na'ura suke so. Kai wane kiɗa ne naka, ɗan nan?"

Na rungume littafina na sulale.