Matar da Ta Ci Tuwo a Kwanonmu

Jawabin Faniwelo Matewere a taron tunawa da Amayi Velonika Chimbalanga, a zangon kutare na Nankhuni

Mai girma Bishop, uban ikilisiyarmu. Mai girma hakimin wannan ƙasa da dagatansa. Jami'in lafiya na gundumar Balaka. Shugaban hukumar ƙungiyarmu da abokan aikinsa. Fastoci, dattawa da zumuntar mata. Babanmu Abambo Layisoni Chimbalanga, mijin marigayiya, da 'ya'yansu Chisomo da Madalo. Sai ku 'yan uwana mutanen zango, masu sanda da masu keken guragu. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Sunana Faniwelo Matewere. Mutanen zango ne suka ce in yi magana da bakinsu. Da furfura a kaina na koyi karatu, a ajin yamma da marigayiya ta buɗe mana, inda ake ɗaura mini fensir a hannu da robar tayar keke. In na yi tuntuɓe a kan wata kalma, ku yi mini haƙuri.

Akwai kuma wani haƙurin da zan roƙa. Wasunku sun ga ina murmushi tun safe, a ranar da kowa ke share hawaye. Ba rashin ta-ido ba ne. Na yi jika. Wata da watanni ina kwana ina tashi da tambaya ɗaya: idan aka haifi yaron nan, za a bar ni in ɗauke shi da waɗannan hannayen nawa? Amsar tana cikin labarin matar da muka taru dominta, shi ya sa ba zan iya raba kukana da murnata ba.

Amayi Velonika, wato Mama kamar yadda muke kiran ta, ta zo mana tana budurwa, da farar riga da takardar aikin jinya. A lokacin, mai kawo mana abinci a bakin hanya yake ajiyewa, ya buga ƙarfe, ya ja da baya. Ranar da ta iso ina zaune ƙarƙashin mangwaron can ina cin tuwon masara da ganyen kabewa. Ta wanke hannu a ruwan da na wanke nawa, ta zauna, ta gutsura daga kwanona. Na janye kwanon. Ta ce, "Baba, rowa kake yi mini tun ranar farko?" Na ce, "Yarinya, ba a gaya miki ko mu su waye ba?" Ta ce, "An gaya mini. Ba a dai gaya mini miyarku ba gishiri ba."

Ta kasance mai duba ƙafa. Ku da ba ku san ciwon nan ba, ƙafar kuturu ba ta jin ƙaya, ba ta jin wuta. Mutum zai wuni da ƙusa a tafinsa bai sani ba sai ya ga jini. Ita ta koya mana mu riƙa jiƙa ƙafa a ruwa kowace safiya, mu kankare, mu shafa mai, kowa ya duba ta ɗan uwansa. In ka ɓoye miki, za ta gane daga tafiyarka tun kana nesa.

Ta kasance mai neman waɗanda aka ɓoye. Ta shiga ƙauyuka har bakin kogin Shire, tana cire zanen da aka lulluɓe yara da shi, tana neman farin tabo kafin ya ci yatsa. Akwai matasa a nan yau masu yatsu goma cif, malaman makaranta da masu ɗinki, waɗanda da ba don ita ba da irin hannuna gare su.

Ta kasance kuma mai taurin kai, kuma wannan ba zan ɓoye shi ba don ta mutu.

Da aka ba ta shugabancin zango, ta kafa doka ɗaya. Duk wanda zai ba ƙungiya baiko, masara ce ko wake ko kuɗi, in dai yana iya zuwa, to ya kawo da kansa, ya zauna ya ci tuwo da mu. Aike ba ta karɓa. Takan ce maganin kuturta kyauta ake ba mu, yana kashe cutar cikin shekara, kuma wanda ya fara sha ba ya harbin kowa. Abin da ke cin kuɗin ƙungiya shi ne takalma, da mai, da aikin ido, da makarantar yara. Amma ƙyama, in ji ta, ba ta da ƙwayar haɗiya, kuma ba a sayen maganinta da kuɗinmu na kwacha.

Kuna tune da shekarar da ruwa ya ɗauke, muka koma dafa ɗanyen mangwaro. A shekarar ne wani attajirin taba ya aiko mana da mota shaƙe da buhunan masara. Muka fito da guɗa. Amayi ta ce da direban ya sauko mu ci abinci. Ya ce azumi yake yi, ga kuwa rake a hannunsa yana sha. Ta ce to ya juya, ya gaya wa maigidansa muna jiran sa da kansa.

Kakarmu ta zango, Agogo Esitere, ga ta can a gaba, ta tare ta da sanda. Ta ce, "Velonika, 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Masara ta zo har ƙofa da ƙafarta ki ce ta koma?"

Amayi ta ce, "Agogo, ai damuwar ke nan, ita kaɗai ta zo. Ina mai ita?"

"Mai ita me zai yi mana? Shi za mu tuƙa?"

Motar ta juya muna kallo. Attajirin bai taɓa zuwa ba. Mun yi fushi da ita sosai, wasunmu sun daina gaishe ta. Hukumar ƙungiya ta kira ta birnin Blantyre ta yi mata faɗa, shugaba yana nan, ga shi yana gyaɗa kai. Yunwar shekarar ba wasa ba ce, kuma har yau akwai masu cewa ta yi kuskure. Abin da na sani shi ne, washegari amalanken shanu ya shigo zango da masarar rumbun gidanta. Abambo Layisoni, rumbunka ne ta kwashe, kai da yaranka kuka ci mangwaro tare da mu. Ba mu taɓa yi maka godiya a gaban jama'a ba. Yau mun yi.

Bayan haka ikilisiyoyi suka fara zuwa, da farko don kunya, daga baya don sabo. Da abokanmu na ƙetare suka ji an ce kuturta ta ƙare, abin da suke aikowa ya yi ta raguwa. Abin da ya riƙe zangon nan shi ne gwangwanin masara da matan ikilisiya ke ɗaukowa a ka, su zauna, su ci, su koma gida da yatsunsu yadda suka zo da su.

Yanzu ga tawa maganar. Ɗana Limbani, wanda aka haifa a zangon nan lafiya lau, ya auri Tiyamike, ya koma garin matarsa da zama kamar yadda aka saba a ƙasarmu. Kun san ɗan fari dangin uba ne ke raɗa masa suna, ranar da cibiya ta faɗi aka fito da shi daga ɗaki, kuma mai raɗa sunan a hannunsa ake sa yaron. Da ciki ya bayyana, surukata Nachisale, uwar Tiyamike, ta aiko Limbani ya gaya mini in aiko da sunan da baki, ba sai na zo ba. Tana nan tare da mu, kuma ita ta ce in faɗi komai kada in rage.

Na kai wa Amayi kuka. A lokacin ciwon daji ya riga ya cinye ta, zanenta sai ta naɗa shi sau biyu. Ta ce, "Nachisale? Wadda kullum take ba maƙwabciyarta gwangwaninta ta kawo, ina mayar mata? Samo mana masu keke."

Na ce, "Amayi, ba za ki iya hanyar nan ba."

Ta ce, "Kai da ba ka da yatsun ƙafa kana iyawa, sai ni?"

Muka je. Nachisale ta yi mata shimfiɗa a baranda, ta kawo tuwo da kaza a kwanon baƙi. Ni kuma aka ajiye mini nawa can gindin rumbu, a wani tsohon kwano mai tsatsa, da ruwan wanke hannu dabam. Na saba. Sai na ga Amayi ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko kwanonta, ta tako tana dafa bango, ta juye tuwonta da kazarta cikin nawa, ta zauna a ƙasa.

Nachisale ta ce, "Haba Amayi, so kike gari ya ce na zaunar da ke a turɓaya?"

"Inda kika ajiye surukinki nan ne wurin manyan baƙi. Zo ki zauna, kazar ta yi daɗi."

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kuna da allurarku da kuke yi a ɓoye. Jariri fa, wace allura gare shi?"

Amayi ta ɗaga hannayenta biyu, duk miya. Ta ce, "Tun ina budurwa nake ci da mutumin nan. Babu wata allura. Duba da kyau, wanne ya ɓace?"

Nachisale ta duba, ta kau da kai. Ta ce, "Jikana ɗaya ne, ba zan yi gwaji da shi ba." Ba ta zauna ba, ba ta ci ba. Muka dawo haka. A hanya Amayi ta ce a tsaya, ta yi amai a gindin bishiya, ta goge baki ta ce mini, "Faniwelo, kada ka aika da sunan nan. Riƙe shi a bakinka."

Ita ce fitarta ta ƙarshe. Ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ranar da aka ce ta cika, na yi kukan rashin uwa, na kuma yi kukan jikan da na tabbata ba zan taɓa ba, don mai tsaya mini ta tafi.

Ranar jana'iza mata suka yi ta zuwa da gari da itace kamar yadda ake yi. Can sai ga Nachisale da gwangwani a kanta, ita da kanta, ta yo tafiyar nan duka a ƙasa. Ta sauke a gaban masu girki za ta juya. Agogo Esitere ta ce, "Ina za ki? Mai dokar ta mutu, dokar ba ta mutu ba. Ko ki ci, ko ki ɗauki garinki."

Nachisale ta tsaya tana kallon akwatin gawa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa ta wanke hannu a ruwan da Agogo Esitere ta wanke nata, ta sa hannu a kwano. Tana ci tana kuka. Agogo ta ce, "Ci a hankali, ba a biyan kuɗin tuwo da yatsa a nan."

Ranar Talatar da ta wuce Limbani ya zo da keke ya ce ana kira na. Na tarar an yi shimfiɗa a baranda. Nachisale ta fito daga ɗaki da jaririya a zane, ta ce, "Miƙo hannun, tsoho, ko sai na roƙe ka?" Ta ɗora mini ita.

Jama'a, hannayen nan ba sa jin komai. Ban ji laushin fatarta ba, ban ji ɗuminta ba. Tsoro ya kama ni kada ta suɓuce ban sani ba, sai na jawo ta ƙirjina, a nan na ji nauyinta. Na kira sunan da na riƙe a bakina. Ita kuwa ta amsa da fitsari, ta jiƙa mini wandon zuwa coci. Wannan kam na ji shi sarai. Nachisale ta ce, "To, ta karɓe ka." Na yi dariya har na shiɗe, sai kuma na waiga in gaya wa Amayi, na tuna ba ta nan.

Abambo Layisoni, ka yi rashin abokiyar zama, mu mun san rabinta muka ƙwace maka tun tana da rai. Ka yafe mana. Chisomo, Madalo, mun san a makaranta an kira ku 'ya'yan kutare, an ƙi zama kusa da ku saboda aikin uwarku. Ku ɗaga kanku. Duk ƙofar da ke zangon nan ƙofar gidanku ce. Shugaban hukuma, mun san asusu ya yi ƙasa, mun san za a zo muku da manyan motoci da aike. Ba mu da ikon gaya muku yadda za ku yi. Roƙonmu kawai, kafin ku taɓa dokar nan, ku dubi abin da ke goye a bayan Tiyamike a layi na uku. Sunanta Velonika.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ya zo, da masu girki, da mawaƙa, da ma'aikatan asibitin da suka yi jinyarta. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka miƙa hannu ka taɓa kuturu, ka karɓi baiwarka Velonika, ka zaunar da ita a teburinka. Ka ta'azantar da mijinta da 'ya'yanta, ka riƙe wannan zango, ka raya ƙaramar da ta ɗauki sunanta. Amin.

Abinci ya sauka. Mai girma Bishop, mai girma hakimi, ku gafarce mu, ba mu ware muku tebur ba. Ruwan wanke hannu ɗaya ne, ga shi can ƙarƙashin mangwaro. Nachisale ce za ta zuba muku.